Ɗana na son yin hutun hunturu a gidan abokinsa a Erzurum, ku ba ni shawara

Maman Abba:
Assalamu alaikum iyaye da 'ya'yana na wannan zaure. Shawara na zo nema, don maganar nan ta hana ni barci tun shekaranjiya. Ɗana na fari yana shekararsa ta biyu a jami'a a Ankara. Ƙarshen Janairu za su gama jarrabawa a ba su hutu kusan sati uku. Bara a ɗakin kwanan ɗalibai ya yi hutun, ya ce a benensu gaba ɗaya su huɗu suka rage, kowa ya tafi gida. In muna waya sai in ji muryarsa a sanyaye, in tambaya ya ce lafiya lau, amma uwa ba a ɓoye mata. Bana mun so ya zo gida, kuɗin jirgi ya gagara, ga kuɗin makarantar ƙannensa na zango na biyu. To sai ya kira ya ce abokin da suke ɗaki ɗaya, Baturke ne, ya gayyace shi garinsu, wai shi Erzurum, ya je ya yi hutun a gidan iyayensa. Babansa ya ce a'a tun kafin in rufe baki. Ya ce mutanen da ba mu sani ba, ba su san mu ba, ba zai bar ɗansa ya kwana a cikinsu ba. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Ina jin tsoro, amma in na tuna zaman kaɗaicin bara sai tausayinsa ya kama ni. Don Allah wanda ya san garin, ko ya taɓa irin wannan tafiya, ya faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Baban Ikram:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ina bayan maigida. Karatu aka tura yaro. Sati uku ba wani abu ba ne, ya yi haƙuri ya buɗe littafinsa. A gidan mutane, a ƙasar da ba tasa ba, in wani abu ya ɓata wa za a fara kallo? In ciwo ya kama shi cikin dare wa zai tsaya masa? Yarana biyu suna Alƙahira, kuma dokata ɗaya ce tun ranar da na raka su filin jirgi: ba kwana a gidan kowa.

Gwaggon Yara:
Alhaji, ban ƙi taka ba, amma bari in tambaye ka. A gidanka na Kaduna 'ya'yan mutane nawa suka yi hutu? Ni dai a gidana na Zariya, lokacin da yarana ke Jami'ar Ahmadu Bello, babu hutun da ba a kawo min ɗan wani ba. Akwai wani yaro ɗan Kalaba, Kirista, da ya yi hutun Disamba biyu a ɗakin samarina saboda ba shi da kuɗin mota. Ran Lahadi ni ke tashinsa ya tafi cocinsa a Wusasa. Uwarsa ba ta taɓa ganina ba sai ranar bikin kammala karatunsu, ta riƙe hannuna tana hawaye ta kasa magana. Idan mu muna riƙe na wasu, me ya sa muke ganin ba wanda zai riƙe namu? Ɗa na kowa ne.

Baban Ikram:
Gwaggo, nan gida ne, mun san halin junanmu. Can fa?

Injiniya Ɗan Katsina:
Bari in sa baki, don a garin na yi karatu, shekara biyar a Jami'ar Ataturk. Umma, in akwai abin da za ki ji wa tsoro a Erzurum to sanyi ne. Garin yana gabashin Turkiyya, a kan tudu mai tsayin mita kusan 1,900. Ki kwatanta da Jos da muke cewa tana da sanyi, ita mita 1,200 ce da 'yan kai. A Janairu da dare sanyi kan kai digiri 20 ƙasa da sifili, wani lokacin ya wuce haka. Na taɓa fita da gemu a jiƙe bayan alwala, kafin in kai masallaci ya daskare ya yi tauri kamar tsintsiya. Rigar da yake sawa a Ankara ba za ta ishe shi ba. Yana buƙatar dogon wando na ciki mai kama jiki, da safar hannu, da hula mai rufe kunne, da takalmi mai kauri wanda ruwa ba ya shiga kuma ƙasansa ba sulɓi, don ƙanƙarar kan titi tana kayar da mutum har ya karye. Sannan kada ya riƙa bin gindin gini. Ruwan da ke daskarewa a bakin rufi yana zama kamar mashi, in rana ta ɗan taɓa shi sai ya faɗo.

Mutanen garin kuwa, ana musu laƙabi da Dadash, masu riƙo da addini ne da girmama baƙo. A watan azumi da wuya ki ga mai cin abinci a fili da rana. Babban masallacinsu na tsohon gari tun 1179 aka gina shi, kusa da shi ga tsohuwar makaranta mai hasumiya biyu ta zamanin Saljuƙawa. Hutuna na farko a gidan wani abokina na yi shi. Daren farko uwarsa ta kalli ƙafata ta ga irin safar da na sa, ba ta ce komai ba. Kwana uku tana zaune gefen murhu da kwarashi a hannu, ban san abin da take yi ba, ashe safar ulu take saƙa min. Ta sa ɗanta ya auna takalmina a ɓoye don ta san girman ƙafata. Safar tana cikin akwatina a Katsina har yau, ba inda zan sa ta a zafin nan, amma na kasa bayarwa.

Maman Abba:
Allah sarki. Allah ya saka mata da alheri. Injiniya, nisan fa daga Ankara?

Injiniya Ɗan Katsina:
Da nisa Umma, ya haura kilomita 850. A motar safa wajen awa 12 zuwa 13, in hanya ba ta toshe da dusar ƙanƙara ba. A jirgin sama kamar awa ɗaya da rabi. Akwai kuma jirgin ƙasan gabas da ke tashi daga Ankara zuwa Kars, yana bi ta Kayseri da Sivas da Erzincan kafin Erzurum, shi sai an kwana an wuni a ciki. Matasa na rububinsa da hunturu saboda kallon duwatsu, don haka tikitinsa ba ya daɗewa.

Ɗan Konya:
Umma, ni ɗalibi ne yanzu haka, na je gidajen abokai sau uku. Abubuwa ne ƙanana da in ya san su zai shiga ransu da wuri. A bakin ƙofa ake cire takalmi, za su ba shi silifas na cikin gida, na banɗaki kuma daban ne. Za a zuba masa wani turaren lemun tsami a tafin hannu, suna ce masa kolonya, gaisuwar baƙo ce. Dattijo ko dattijuwa, ana sumbatar bayan hannunsu a kai goshi, kamar yadda mu muke durƙusawa. Ya ce wa uwar teyze, wato inna ko gwaggo, uban kuma amja, wato baffa, kada ya kira sunansu gatsau. In ya gama cin abinci ya ce wa wadda ta dafa elinize saalik, ma'ana Allah ya ba hannuwanki lafiya, wallahi za ki ga fuskarta ta washe.

Sai shayi. A ɗan ƙaramin kofin gilashi suke sha, kuma da ya ƙare za a sake cikawa ba tare da an tambaye shi ba. Ni ranar farko kofi tara na sha don ina jin kunyar cewa ya isa, ban runtsa ba har Asuba. In ya ƙoshi ya ɗora cokalin a kan bakin kofin, sun gane. A Erzurum ma ba sa zuba sukari a ciki, gutsurar ƙwayar sukari mai tauri suke yi su ajiye a baki, sannan su kurɓi shayin a kai.

Baban Ikram:
To ga shi nan tun ba a je ko'ina ba. Turaren da ake magana barasa ce a cikinsa. Sannan ɗan Musulmi ya sumbaci hannun matar da ba muharramarsa ba?

Malam Mai Allo:
Alhaji, a bi a hankali. Maganar turare mai sinadarin barasa malamai sun yi saɓani a kanta, da yawa daga malaman zamani ba sa ganin najasa ce tunda ba ta sha ba ce. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya wanke hannu kafin salla, magana ta ƙare. Sumbatar hannu kuwa, ya yi wa uban. Uwar, ya ɗora hannunsa a ƙirji ya ɗan rusuna, masu addini a can sun san wannan sarai, wasunsu ma su ne ba za su miƙo hannun ba.

Abin da na fi so a ja kunnen yaron a kai shi ne mazhaba. Turkawa galibi Hanafiyya ne, mu Malikiyya. Zai ga suna ɗora hannu ƙasan cibiya, wutirinsu raka'a uku ce a haɗe kuma wajibi suke ɗaukarta, suna jinkirta Asuba har gari ya fara haske, kuma jini in ya fita ya gudana suna sake alwala. Kada ya je gidan mutane ya zama mai gyara musu salla. Ya bi limaminsu, sallarsa ta yi.

Na biyu kuma shi ne tsawon zaman. Hadisi ingantacce ya ce baƙunci kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida ba. Mu ma muna cewa baƙo raɓa ne. Sati uku a gidan mutane ya yi yawa, ko da sun ce ya zauna. Mai kunya ba zai ce maka ka tafi ba, kai ne za ka san lokacin tafiya. Da hunturu kuma kowa yana cikin gida, ɗaki ɗaya ko biyu ake ɗumamawa, in akwai 'yan mata a gidan za su wuni da lulluɓi saboda shi. Ya kamata a tambaya: yana da ƙanne mata? Ina za a sauke shi?

Wani Ɗalibi:
Ban so in yi magana ba, amma Umma ta ce a faɗa mata gaskiya. Ni tawa ba ta yi daɗi ba. Shekarata ta farko wani abokina ya ce in bi shi ƙauyensu a tsakiyar ƙasar. Sai da muka isa ƙofar gida na gane bai gaya wa babansa da ni zai zo ba, uwarsa kawai ya faɗa wa, ita ma da safiyar ranar. Uban ya amsa sallamata da ƙyar. Ba su wulaƙanta ni ba, an ba ni abinci da shimfiɗa, amma kana jin nauyin gidan a jikinka. Washegari maƙwabta suka fara shigowa kallona, wannan ya ɗauki hoto ba tare da ya tambaye ni ba, yara suna shafa hannuna suna duba yatsunsu. Na san yawancinsu ba da mugunta suke yi ba, ba su taɓa ganin baƙar fata ido da ido ba ne, amma ni mutum ne, na gaji. Na ce zan koma kwana na biyu, sai dusar ƙanƙara ta rufe hanya, ƙaramar motar da ke zuwa gari ba ta zo ba sai bayan kwana uku. Kwana ukun nan sun fi min wata tsawo. Abin da na koya, gayyatar aboki daban, gayyatar gida daban. In ba daga bakin mai gidan ta fito ba, kada ya je.

Baban Ikram:
Kun ji ko? Allah ya yi maka albarka yaro. Abin da nake gudu ke nan.

Gwaggon Yara:
Sannu ɗana, abin da ciwo. Amma Alhaji ka lura da inda matsalar take. Yara biyu ne suka ƙulla abinsu ba babba a ciki. Ko a nan, ɗana ba ya kawo min baƙon kwana sai ya gaya wa babansa tukuna. Maganin wannan ai manya su yi magana da manya.

Anti Likita:
Ina tare da Gwaggo. Ni a Ingila na yi nawa, a Leeds, kuma gidan da na je ba ma Musulmi ba ne. Wata 'yar ajinmu ce ta ga zan zauna ni kaɗai lokacin Kirsimeti, ta ce in bi ta ƙauyensu a Yorkshire. Wanda bai zauna can ba ba zai gane kaɗaicin wannan lokacin ba. Kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ranar 25 ga Disamba jiragen ƙasa ba sa aiki, kantuna a rufe, titi tsit. Sati guda kafin tafiyar uwarta ta kira ni da kanta, ta ce in faɗa mata abin da nake ci da wanda ba na ci. Na ji kunya, amma na daure na lissafa: ba naman alade, ba giya ko a cikin girki, nama sai na halal. Ashe da ban faɗa ba da na shiga uku, don tsiran alade suke jerawa a gefen talo-talon, kuma kek ɗinsu na bikin da barasa ake jiƙa shi. Matar nan ta shiga gari ta sayo kaza a shagon halal, ta gasa min a tire daban. Karensu ma ta hana shi hawa saman bene kwana huɗun da na yi, don ta ji ina salla a ɗakin. Sun tafi cocinsu, na zauna na yi karatuna, suka dawo muka ci abinci. Da na yi shiru ina kara, da ni na sha wuya su kuma su ji kunya daga baya.

Sannan a matsayina na likita, Maman Abba, ga abin da nake so ki gaya masa da babbar murya. Gidaje da yawa a ƙauyukan Turkiyya da murhun gawayi ko itace suke ɗumama ɗaki, suna ce masa soba. In bututun hayaƙin ya toshe, ko iska ta mayar da hayaƙin ciki, wata iska mai guba tana taruwa, ba ta da wari ba ta da launi. Irin wadda ke kashe mutane a nan in sun kwana da gawayi a ɗaki a rufe lokacin hunturu, ko janareta a cikin gida. Duk shekara tana cin rayuka a can. Alamarta ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala. In ya farka ya ji haka, musamman in wani a ɗakin ma yana ji, ya buɗe taga ya fita waje, a kira 112. Kada a cika murhun da sabon gawayi dab da kwanciya. Ya tafi da katin izinin zamansa da na inshorar lafiya a aljihu.

Maman Abba:
Innalillahi. Wannan ban taɓa tunaninsa ba. Na gode Likita, yanzu zan tura masa.

Maman 'Yan Biyu:
Ni girgizar ƙasa ce ke tsaya min a rai. Ta 6 ga Fabrairun 2023 ai a irin wannan hutun ta faru, cikin dare mutane na barci, fiye da mutum 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai.

Injiniya Ɗan Katsina:
Gaskiya ne Hajiya, Allah ya ji ƙansu. Waccan ta fi shafar kudu ne, su Kahramanmarash da Hatay da Adiyaman da Malatya da Gaziantep. Amma ba zan ɓoye ba, gabas ma yankin girgiza ne, Erzincan da ke maƙwabtaka da Erzurum ta sha mummuna a 1939, ta sake sha a 1992. Sai dai wanda ya yarda ɗansa ya yi karatu a Turkiyya ya riga ya karɓi wannan, Istanbul ma da yaranmu suka fi yawa a cikin haɗarin take. Abin da ya dace shi ne ku riƙe cikakken adireshin gidan da lambar uban, kuma shugabannin ɗalibanmu na Ankara su san inda yake.

Maman 'Yan Biyu:
To shi namiji ne, da sauƙi. Tawa mace ce a Bursa, ƙawarta ta gayyace ta na ce ko da wasa. Har yanzu fushi take da ni.

Ɗaliba a Bursa:
Mama, ki yi haƙuri in ce wani abu, ba don in goyi bayanta ba. Mu mata mun fi shan wuyar hutun nan. Maza suna fita masallaci, suna zuwa ƙwallo, suna haɗuwa. Mu in ɗakin kwana ya watse sai ki wuni ba ki yi magana da kowa ba sai waya. Akwai wadda na sani da ta kwana biyu ba ta ci abinci ba, ba don babu ba, ranta ne ya ƙi. In ba za a bar ta ta je ba, a nema mata wani abin, ko gidan wata 'yar ƙasarmu mai aure a garin. A'a kawai ba ta isa ba.

Maman 'Yan Biyu:
Na ji 'yata. Ban san abin ya kai haka ba, ba ta taɓa faɗa min ba. Kwana a gidan da akwai samari dai ban yarda ba har gobe, amma zan kira ta yau mu yi magana ta fahimta.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ni a Fas na yi karatu, a Maroko. Wani abokina ya kai ni gidansu a Azru, kan duwatsun Atlas kusa da Ifran, nan na fara ganin dusar ƙanƙara da idona. Daren farko bayan Magariba muka je masallacin unguwa, sai na ji sun zauna sun buɗe izu suna karantawa tare da murya ɗaya, da ruwayar Warshu, irin wadda na yi a allo a gaban malaminmu a Birnin Damagaram. Ban san lokacin da na shiga cikinsu ba, ba tare da na riƙe Alƙur'ani ba. Kakan abokina ya juyo yana kallona, da aka shafa ya kama kaina ya sumbata. Daga ranar ya ce a gefensa zan riƙa zama a kan akushin kuskus na Juma'a, shi ke tura min nama gabana da yatsunsa. Da ya rasu sai da suka kira ni a waya kamar jikansa. Shekara huɗu na yi a aji, amma Marokon da na sani a gidan nan na san ta. Hajiya, in mutanen kirki ne kada ki hana shi wannan.

Maman Abba:
Na karanta duka, wasu sau biyu. Allah ya saka wa kowa. Bari in faɗi wani abu da ban faɗa ba da farko. Da ya ce min uwar abokin ta ce tana jiransa, har ta tambayi abin da ya fi so a dafa masa, sai na ji wani abu ya soki zuciyata. Shekara ɗaya da rabi ban zuba wa yaron nan abinci da hannuna ba, ga wata can za ta zuba masa. Da na zauna na yi tunani sai na ga rabin tsoron nawa kishi ne na uwa. Na yi istigfari. In ba zan iya ba shi ba, bai kamata in hana wata ta ba shi ba.

Na nuna wa babansa maganar Wani Ɗalibi da ta Malam da ta Gwaggo. Ya yi shiru, sannan ya ce in dai uban yaron zai yi magana da shi baki da baki to zai duba.

Gwaggon Yara:
Kada ki ji kunyar wannan 'yar nan, duk wadda ta haifa ta san shi. Allah ya sa albarka.

Maman Abba:
Alhamdu lillahi, jiya bayan Isha aka yi kiran bidiyo. Yaran biyu suna Ankara suna fassara, mu a Kano, su a Erzurum. Uban dattijo ne mai furfura, malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Abin da ya fara cewa shi ne ya so ya kira mu tun farko, yana jin nauyi ne kada mu ga ya yi shisshigi. Ya ɗauki wayar ya zaga da mu gidan, ya nuna ɗakin da za su kwana su biyu. A cikin gari suke, gidan bene, da bututun ruwan zafi suke ɗumama ɗaki, ba murhun gawayi, sai in sun je ƙauye wurin kakarsu, kuma na riga na gaya wa Abba maganar Likita. Ƙanwa ɗaya ce a gidan, 'yar shekara tara. Uwar ta fito da wata jibgegiyar rigar sanyi ta babban ɗanta ta ɗaga min, wai kada in sa ya sayi wata. Ni da ita ba mai jin yaren wani, sai murmushi da hawaye. Da za a rufe, babansa ya ce a yi Fatiha, muka karanta tare, wannan kam ba a nemi tafinta ba.

Ya yarda da kwana shida, ba sati uku ba. Yanzu sai maganar tsaraba. Akwai mai tafiya Istanbul sati mai zuwa, ina so in yi musu kilishi da dambun nama.

Ɗan Konya:
Umma, kada ki sa nama, ba a yarda matafiyi ya shiga da nama ko kayan madara ba, za a iya karɓewa a filin jirgi. Ki sa hula zanna bukar ta uban, suna son ta sosai, da turaren wuta da atamfa ko mayafi mai aiki na uwar, da ɗan abin hannu na ƙanwar. Zoɓo busasshe da aya ma suna burge su. Shi kuma in zai shiga gidan ya riƙe kwalin alewa ko baklawa, haka al'adarsu take, ba a shiga hannu rabbana.

Malam Mai Allo:
Kuma kada ya zauna a yi masa komai. Ya gyara shimfiɗarsa, ya ɗauki shebur ya taya kwashe ƙanƙarar ƙofar gida, ya raka uban masallaci. Kuɗi dai kada ya miƙa musu, zai zama cin fuska.

Baban Ikram:
Ni dai nawa dokarsu na nan yadda take, ban canza ba. Amma yadda maigidanki ya bi da abin ya yi daidai, ban da ta cewa. Allah ya kai shi lafiya ya dawo da shi lafiya. Ya riƙa kira kullum.

Injiniya Ɗan Katsina:
Amin. Umma, ki ce masa ya nemi a kai shi Tashhan, tsohon masaukin fatake ne da aka mayar kasuwa. A nan ake sayar da carbin baƙin dutsen Oltu, wanda ake haƙowa a yankin, yana ƙara sheƙi in ana jan sa. Ya saya wa babansa. Ya kuma ci gasasshen naman ragonsu da ake jerawa a kwance gefen wuta, suna ce masa ja kebab. In za su hau dutsen Palandoken wasan sulu a kan ƙanƙara, kada ya hau gangaren manya ranar farko.

Maman Abba:
Na rubuta duka. Wani abu kuma, da safen nan babansa da kansa ya ce in sun yi dogon hutu, in Allah ya hore, a gayyato yaron nan Kano ya zo ya ga gidanmu shi ma. Har ya fara maganar gyara ɗakin zaure. Likita, me zai buƙata kafin ya zo?

Anti Likita:
Biza, da allurar shawara tare da katinta, a yi ta aƙalla kwana goma kafin tafiya. Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro kuma dole ne, don dogon hutunsu a damina yake faɗowa kuma jikinsa bai san cutar ba, likitansa zai gaya masa ranar da zai fara sha. Ki tanadi gidan sauro da ruwan roba, yajin kuma a sa masa a gefe tukuna. In lokacin ya matso ki yi min magana, zan turo miki sauran.